Ina Aka Kwana? Tarihin Bin Sawun Gurbin Karatu da Tallafi a Arewa

Duk shekara, da zarar jami'o'i sun fara sakin sunayen ɗaliban da suka ɗauka, wayoyinmu ba sa hutawa. Mu da muka karanci kimiyyar kwamfuta, muke kuma cin abinci da rubuta manhaja, dangi sun riga sun yanke hukunci cewa duk abin da ya shafi intanet a tafin hannunmu yake. Ƙani zai turo saƙo da sassafe: "Yaya, ina kwana? Don Allah a duba mini ko sunana ya fito." Bayan Magariba kuma sai ga kiran Gwaggo: "Ku 'yan kwamfuta, maganar yarinyar nan fa, ina aka kwana? Babu wanda kuka sani a can?"

Tambayoyin nan biyu sun yi kama da juna, amma kowace da inda ta dosa. Ƙanin bayani yake nema, ita kuwa Gwaggo mutum take nema. Duka biyun muna kiransu bin sawu. Idan muka waiwayi shekaru ɗari da 'yan kai da aka yi ana karatun boko a Arewa, za mu ga cewa tarihin neman gurbin karatu da na neman tallafi, jayayya ce tsakanin waɗannan nau'o'i biyu na bin sawu. Duk lokacin da jerin sunaye ya ƙara fitowa fili, ɗan talaka ya ƙara samun shiga. Duk lokacin da ya koma cikin aljihun tebur, sai mai uwa a gindin murhu.

Zamanin da makaranta ke bin yaro

A 1909 ne Hanns Vischer, Baturen da aka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a Nassarawa da ke Kano. A wancan lokaci babu wanda ke layi don neman gurbi. Makaranta ce ke neman yara ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai, kuma har gobe a gidaje da yawa ana ba da labarin kakan da aka ɓoye a rumbu, ko aka tura wani ƙauye, don kada a rubuta shi. Idan an yi kamun ƙafa a zamanin, to don a cire sunan yaro ne daga jeri.

Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a hukumance a 1922 don horar da malamai, ita ce ƙololuwar karatun boko a Arewa na tsawon shekaru. A can Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Ta koma Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, kuma ita ce Kwalejin Barewa ta yau. Daga larduna ake zaɓo ɗalibanta. Yaro ba ya sayen fom, ba ya zuwa wani ofis. Malamansa da jami'in ilimi na lardi su ne za su ga ƙoƙarinsa su miƙa sunansa. Ana duba cancanta, amma idon mutum biyu ko uku ne ma'auninta, kuma wanda aka bari ba shi da inda zai je ya tambayi dalili.

Haka abin yake wajen wucewa gaba. Sa'adu Zungur ya shiga Babbar Kwalejin Yaba da ke Legas a 1934, a lokacin da da wuya a ga ɗan Arewa a wurin. Tafawa Ɓalewa ya tafi Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan a 1945, Malam Aminu Kano ya bi bayansa a 1946, dukansu suna malaman makaranta da hukuma ta zaɓa ta ɗauki nauyinsu. Da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948 da ɗalibai 104, 'yan Arewa ƙalilan ne suka riƙa samun shiga a shekarun farko, domin makarantun sakandaren da za su shirya su ba su da yawa.

Zariya da gadar share fage

Gab da samun mulkin kai, kwamitin da Eric Ashby ya jagoranta ya duba buƙatar ƙasar ta ilimi mai zurfi, ya miƙa rahotonsa a 1960. A ranar 4 ga Oktoba 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da ɗalibai 426. Jami'a ta samu, amma matsalar ba ta ƙare ba. Shiga digiri yana buƙatar shaidar HSC, wato ƙarin shekara biyu bayan gama sakandare, ko makamanciyarta, kuma makarantun Arewa da ke da waɗannan azuzuwa tsiraru ne.

A lokacin gwamnatin Jihar Arewa tana gaggawar samun 'yan ƙasa da za su riƙe ayyukan gwamnati. Hukumar ba da tallafin karatu da ke Kaduna neman waɗanda suka cika sharaɗi take yi ruwa a jallo. Dattawan da suka yi karatu a shekarun nan kan ce gurbi da tallafi kusan tare suke zuwa: kuɗin makaranta, abinci, littattafai, har da na kashewa. Kujeru sun fi masu zama yawa, saboda haka bin sawu bai zama sana'a ba tukuna.

Don a cike wannan giɓi, a zamanin shugabancin Farfesa Ishaya Audu jami'ar ta buɗe makarantar share fagen shiga digiri, wadda aka fi sani da SBS. Jihohi ma suka kafa nasu kwalejojin share fage a wurare irin su Kano da Maiduguri. A 1976 aka kafa hukumar IJMB a ƙarƙashin jami'ar domin ta riƙa shirya wa waɗannan makarantu jarrabawa guda. Harafin farko na sunanta yana nufin "ta wucin gadi", ga shi kuma ta doshi shekara hamsin tana aiki. Mu masu rubuta manhaja wannan bai ba mu mamaki ba, don mun san babu abin da ya kai gyaran wucin gadi daɗewa.

Fom ɗaya, jarrabawa ɗaya

A farkon shekarun 1970 jami'o'i shida ne a Najeriya: Ibadan, Nsukka, Ife, Legas, Zariya da Benin. A 1975 gwamnatin tarayya ta ƙaro bakwai, a Kano, Sakkwato, Maiduguri, Jos, Ilorin, Kalaba da Fatakwal, wasunsu sun fara a matsayin kwalejoji. Kowace jami'a da fom ɗinta, da jarrabawarta, da ranar da take yinta. Mai hali zai sayi fom uku ko huɗu, ya yi ta zirga-zirga tsakanin garuruwa, ya samu gurbi a wurare uku, ya zaɓi ɗaya. Kujeru biyun da ya bari sai su zauna wayam har shekara ta ƙare, alhali wani yana gida bai samu ko ɗaya ba. A harshen aikinmu, rajista goma sha uku ce da babu wadda ta san abin da ke cikin 'yar uwarta.

Shugabannin jami'o'i da kansu suka fara kuka da wannan. An gayyato ƙwararru biyu, ɗaya daga Birtaniya ɗaya daga Kanada, suka ba da shawara, daga baya gwamnati ta kafa nata kwamitin. A watan Fabrairu 1978, zamanin mulkin soja na Janar Olusegun Obasanjo, aka yi dokar da ta kafa hukumar JAMB, Michael Angulu ya zama magatakardanta na farko. Fom ɗaya, jarrabawa ɗaya, gurbi ɗaya ga kowane ɗalibi. A 1989 aka faɗaɗa aikinta ya haɗa da kwalejojin kimiyya da fasaha da na ilimi, a 2010 kuma aka dunƙule jarrabawoyin suka zama UTME da muka sani yau: darussa huɗu, Ingilishi dole, maki 400.

Sabon tsarin ya tayar da ƙura a Arewa. Tsoron da ake yi a bayyane yake: idan maki kaɗai za a duba a jarrabawar ƙasa baki ɗaya, yankunan da suka riga shiga boko da shekaru masu yawa za su cika har jami'o'in da ke Zariya da Kano da Sakkwato. Wanda ya riga ka barci, dole ya riga ka tashi. Tsarin mulkin 1979 ya zo da ƙa'idar raba daidai, a 1981 kuma gwamnatin tarayya ta fitar da ƙa'idar rabon gurabe a jami'o'inta: kashi 40 cikin ɗari ga cancanta zalla, 30 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari a baya a harkar ilimi, 10 kuma yadda jami'a ta ga dama. Daga baya aka soke kason ganin dama, rabon ya koma 45, 35 da 20, kuma shi ake bi har yanzu.

Akwai abu biyu da yawancinmu ba mu sani ba game da wannan rabo. Na farko, jerin jihohin da aka bari a baya bai tsaya a Arewa ba. Bayelsa da Ebonyi ma suna ciki. Na biyu, a cikin kowace ƙofa daga cikin ukun, maki ne ke jera mutane. Ɗan Jigawa da ke neman shiga ta ƙofa ta uku gogayya yake yi da 'yan uwansa, kuma a ƙa'ida wanda ya fi maki shi ne gaba. Ƙofar da ba ta da ma'auni ita ce ta huɗu, ta kashi goman nan. Ta nan wasiƙu suka riƙa shiga, daga fada, daga ma'aikata, daga majalisa. An rufe ta a takarda, amma ɗabi'ar da ta haifa ba ta tafi tare da ita ba.

Zamaninmu: fensir, allo da kamun ƙafa

Mu da muke cikin shekaru talatin da 'yan kai yanzu, da fensir muka rubuta JAMB. Mun cike 'yan gurabe a takardar amsa, muna kaffa-kaffa kada gogewa ta ɓata ta. Mun sayi kati mun kankare, mun yi layi a kafe don duba sakamako, na'ura tana juyawa, lokacin da muka biya yana ƙarewa. A 2005 aka ba jami'o'i damar yin tasu jarrabawar tantancewa bayan ta JAMB, saboda ƙorafin cewa wasu masu manyan maki ba sa iya kare su a aji. Hakan ya ƙara mana tafiya guda da kuɗin fom guda. An soke ta a 2016, aka dawo da ita a 2017.

Bayan duk wannan sai jira. Sunaye suna fitowa a jarida ko a allon sanarwa, rukuni na farko, na biyu, wani lokaci har na uku. Mutum zai yi sammako daga garinsu, ya kwana a masallacin tasha, ya kutsa cikin cunkoso yana bin takarda da yatsa. Idan sunansa ba ya nan, babu wanda zai gaya masa dalili. Makinsa ne bai kai ba? An cika sashen ne? Ko takardarsa ce ta ɓace? Allo ba ya magana.

A cikin wannan duhu bin sawu ya zama kamun ƙafa. Za a yi hoton takardar sakamako kofi biyar, a ba Kawu ɗaya, ya ba abokinsa da ke aiki a sakatariya, shi kuma ya ba wani malami, malamin ya ce a dakaci jeri na gaba. Adalci ne mu faɗa cewa ba duk masu taimakon ne maciya amana ba. Da yawa cikinmu tsohon hedimasta ne ko wani malami mai tausayi ya ɗauki takardunmu ya kai inda suka dace, bai karɓi ko sisi ba, kuma makinmu ya kai. Illar tsarin ita ce, wanda ba shi da kowa ba shi da ko bayani, balle gurbi. A gefe guda kuma 'yan damfara sun samu kasuwa. Akwai waɗanda suka yi shekara huɗu suna karatu, sai da aka zo tafiya bautar ƙasa suka gano JAMB ba ta da labarin an taɓa ɗaukarsu.

Jerin ya koma cikin waya

A 2013, zamanin Farfesa Dibu Ojerinde, JAMB ta fara gwada jarrabawa ta kwamfuta, a 2015 kuma ta ajiye takarda da fensir gaba ɗaya. Yara da yawa daga ƙauyuka a zauren jarrabawa suka fara taɓa linzamin kwamfuta. Farfesa Ishaq Oloyede ya karɓi hukumar a 2016, a shekarar da ta biyo baya aka ƙaddamar da CAPS, manhajar da duk wani gurbi na halal zai bi ta cikinta.

Yadda take aiki ba shi da wuyar fahimta. Jami'a ce ke saka sharuɗɗanta da adadin kujerun kowane sashe. Manhajar tana jera masu nema bisa maki, jami'a ta gabatar da waɗanda take son ɗauka, JAMB ta duba ta amince. Idan an tsallake mai maki sama aka ɗauki na ƙasa da shi a ƙofa guda, alamar hakan tana fitowa, sai jami'a ta kawo hujja. Ɗalibi kuma daga wayarsa yana ganin matakin da yake, idan an ba shi gurbi ya karɓa ko ya ƙi. A karon farko tun 1978, yaron da ke Gumel ko Biu yana iya sanin inda aka kwana ba tare da ya san kowa ba. A 2021 aka wajabta lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN kafin rajista, don a toshe masu rubuta wa wasu jarrabawa. A shekarar ce kuma hukumar ta bayyana cewa ta gano sama da gurabe 700,000 da makarantu suka bayar ta bayan fage, abin da ke nuna girman tsohuwar ƙofar.

Sai dai in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza, mu kuwa da yawa ba mu canza ba. A gidanmu mun biya kuɗin wannan darasi. Wata ƙanwarmu ta ci maki mai kyau, ta yi jarrabawar tantancewa ta wuce, amma jeri na farko ya fito babu ita, na biyu ma haka. Mako shida gida yana neman wanda ya san wani. An kira surukai, an je gaisuwa gidan wani babban mutum, an yi ta addu'a. Mu da ake kira 'yan kwamfuta aiki ya ɗauke mana hankali, mun ɗauka manya suna kan maganar. Ranar da muka zauna muka buɗe shafinta, cikin minti biyu muka ga matsalar: ta yi rajista tana jiran sakamakon sakandare, da ya fito kuma babu wanda ya ɗora shi. A wurin manhajar, yarinyar ba ta da kiredit ko ɗaya, saboda haka ba ta ma shiga jerin da za a duba ba. An ɗora shi washegari a wata cibiyar rajista, amma sashen da take so ya riga ya cika. Shekara guda ta tafi. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma babu wani babban mutum da zai iya gyara abin da ba a gaya masa ba.

Sabon tsarin ya kuma haifi sabon mai tsaron ƙofa, wato yaron kafe. Idan ya yi wa ɗalibi rajista da lambar wayarsa ko imel ɗinsa shi, to duk saƙon da zai zo a hannunsa zai faɗa, kuma gurbin da ba a karɓa ba cikin wa'adi yana iya suɓucewa.

Tallafin karatu: daga kyauta zuwa gasa

Tarihin tallafi ma irin wannan hanyar ya bi. Bayan an rarraba Jihar Arewa a 1967, kowace sabuwar jiha ta kafa hukumarta ta ba da tallafi, kuɗin mai kuma ya sa abin ya yi armashi a shekarun 1970. Daga nan ɗalibai suka yi ta ƙaruwa, darajar naira ta faɗi bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986. Kafin mu iso jami'a, kalmar sikolashif a bakinmu tana nufin ɗan alawus da jiha ke ba kowane ɗanta, wanda ake layin tantancewa a rana dominsa, ya zo a makare ko ya ƙi zuwa.

Tallafin cancanta na gaske yana nan, amma ya zama gasa. Shirin ƙasashen Commonwealth an amince da shi tun 1959. Asusun PTDF, wanda aka kafa a 1973 don horar da ma'aikatan harkar man fetur, yana tura ɗalibai digiri na biyu da na uku a gida da waje. Birtaniya ta fara Chevening a 1983. Gwamnatin tarayya ta daɗe tana da yarjejeniyar musayar ɗalibai ta BEA da ƙasashe irin su Rasha, Sin, Maroko da Aljeriya. Kamfanonin mai da na sadarwa ma suna da nasu, galibi da jarrabawar kwamfuta da sharaɗin maki. A 2012 gwamnatin Kano ta Rabi'u Musa Kwankwaso ta tura matasa 501 ƙasashen waje yin digiri na biyu. Kowa da ra'ayinsa a siyasa, amma abin da ya sa shirin ya zauna a zukatan mutane shi ne an bayyana ma'aunin a fili, wato darajar digiri, har 'ya'yan da iyayensu ba su taɓa shiga ofishin gwamnati ba suka hau jirgi.

A nan ma mun ga yadda masu cancanta ke faɗuwa tun kafin a duba cancantarsu. Irin wannan tallafi yana buƙatar cikakken sakamakon darussa daga ajin farko zuwa na ƙarshe, da shaidar asalin ƙaramar hukuma, da wasiƙun malamai, da bayanin abin da mutum ke son karantawa da dalilinsa, duk kafin wata rana da ba ta ɗagawa. Fitar da cikakken sakamako daga jami'a kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, wanda ya fara nema bayan an buɗe shafi ya riga ya makara.

Sai kuma matsalar da ta fi damun mu 'yan Arewa, wato suna. Mutum ɗaya ne, amma a takardar firamare Muhammadu, a ta WAEC Mohammed, a NIN Muhammad. A wata takardar sunan mahaifi ne a ƙarshe, a wata sunan gari. Ranar haihuwa a nan 1 ga Janairu, a can wata daban. Malamin ofis na da zai kalli fuskarka ya gane kai ne. Manhaja harafi take gwadawa da harafi, idan suka saɓa, mutum uku take gani. Mun san haka domin irinmu ne ke rubuta layukan da ke yin wannan gwaji, kuma sau da yawa wanda ya rubuta su bai taɓa tunanin yadda ake raɗa suna a Haɗeja ba.

Samun tallafin ma ba ya kawo ƙarshen bin sawu. Canjin gwamnati a jihohi ya sha barin ɗalibai a ƙasashen waje da bashin kuɗin makaranta. Ɗaliban BEA sun yi ta kuka kan alawus da aka yi watanni ba a biya ba, a 2025 kuma gwamnati ta sanar da dakatar da shirin. Asusun NELFUND da ya fara aiki a 2024 ya rage wa iyaye nauyi, amma bashi ne da za a biya.

Ranar da kwamfuta ta yi kuskure

Kada wani ya ɗauka muna cewa kwamfuta ta kawo adalci an gama. Manhaja umarnin mutum take bi, kuma mutum ajizi ne. A 2025, bayan an saki sakamakon UTME, iyaye da malamai da ɗalibai suka yi ta ƙorafi cewa makin da suka gani bai yi kama da ƙoƙarin yaran ba. Suka tattara lambobin rajista, suka kwatanta sakamako, suka nace sai an duba. A ranar 14 ga Mayu, Farfesa Oloyede ya fito gaban 'yan jarida, har da hawaye, ya amsa cewa an samu tangarɗa a cibiyoyi 157 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, wadda ta shafi ɗalibai 379,997. Wani gyara da aka yi wa manhajar ne bai isa wasu daga cikin manyan kwamfutocin da ke riƙe da amsoshi ba. Aka sake musu jarrabawa.

Duk wanda ya taɓa sakin manhaja ya san irin wannan kuskure, kuma ya san sanyin jikin da ke biyo bayansa. Abin lura shi ne yadda aka gano shi. Babu wanda ya je gaisuwa gidan kowa. Mutane ne suka yi tambaya a fili, da hujja a hannu, ga kuma bayanai a ajiye da za a iya komawa a bincika. Da a zamanin allon sanarwa ne, da yaran nan sun koma gida suna zargin kansu, iyaye su ce haka Allah ya ƙaddara.

To, ina aka kwana?

A cikin ƙarni ɗaya mun tashi daga zamanin da ake ɓoye yaro kada a rubuta shi, muka ratsa zamanin da ake kwana a tasha don a duba allo, muka iso zamanin da jerin ke cikin aljihu. Ribar da aka samu a wannan tafiya ita ce damar tambaya. Tun 2011 akwai dokar 'yancin samun bayanai, wadda ta ba hukumomin gwamnati kwana bakwai su amsa buƙatar da aka rubuta musu. JAMB tana da sashen karɓar koke ta intanet. Takardar bin sawu mai amfani gajeriya ce: cikakken suna yadda yake a rajista, lambar rajista, sashen da aka nema, makin da aka samu, da tambaya guda ɗaya a sarari, cikin ladabi, tare da ajiye kofi da kwanan wata. Matambayi ba ya ɓata.

Saura aikin jami'o'i da hukumomin tallafi. Har yanzu ɗalibi yakan ga an rubuta masa cewa ba a ɗauke shi ba, babu ƙarin kalma. Bayanin yana cikin kwamfuta: makin da aka tsaya a kai a kowace ƙofa cikin ukun, matsayinsa a jeri, takardar da ta rage. Nuna masa wannan aikin 'yan kwanaki ne ga mai rubuta manhaja, idan masu iko sun yarda a nuna. Muddin ba a nuna ba, mutane za su ci gaba da neman wanda ya san wani, kuma ba za mu ga laifinsu ba.

Bana da Gwaggo ta kira, ba mu ce mata za mu nemi kowa ba. Cewa muka yi: "Gwaggo, a turo mana yarinyar gobe da safe, ta zo da wayar da ta yi rajista da ita da duk takardunta." Ta zo, muka zauna tare, muka sa ta shiga shafin da hannunta, ta canza kalmar sirri, ta duba ko sakamakonta yana ciki, ta gwada rubutun sunanta a takardu huɗu. Harafi ɗaya ya saɓa a ɗaya daga ciki, kuma akwai sauran lokacin gyarawa. Da za ta tafi muka ce mata idan ƙannenta sun taso, ita za su kira.